Tambayoyi da amsoshi kan littattafan labarin zane

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan yi mana a zaman koyon zane da muke yi da matasa a nan Garwa, wasu kuma ta WhatsApp aka turo su daga Marwa, Ngaundare, Kusiri da Njamena. Akwai na yara masu son koyo, akwai na iyayen da abin yake damunsu. Na haɗe masu kama da juna don kada a yi ta maimaici. Magana muke a kan littafin da ake ba da labari a cikinsa da jerin zane, wanda 'yan makaranta a nan suke kira BD.

Me ya raba BD da littafin yara mai hotuna?

A littafin yara rubutu ne yake ɗauke da labari, hoto rakiya kawai yake yi. Ko ka cire hotunan, labarin yana nan. A BD kuwa, in ka cire zanen babu abin da ya saura. Akan yanka shafi gida-gida, kowane gida da zanensa, maganar mutane tana cikin 'yar da'ira mai tsini da ke nuna bakin mai maganar, ido kuma yana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai rabin labarin yana cikin 'yar ratar da ke tsakanin gida da gida. Ga misali. Gida na farko: mai shayi a bakin kasuwa ya ɗaga buta sama yana tsiyaya a kofi. Na biyu: ɗan moto ya taho a guje, ya waiga yana gai da wani. Na uku: buta a ƙasa, burodi a cikin kwata, akuya ta riga ta sa baki. Na huɗu: ɗan moton yana tsugune yana wanke kofuna, mashin ɗinsa a ɗaure da sarƙa a ƙafar tebur. Ba a zana karon ba, ba a zana cacar bakin ba, balle sulhun da dattawan wurin suka yi. Mai karatu ne ya zana su duka a kansa. Wanda ya san abin da zai nuna da abin da zai bar wa mai karatu, shi ne ya iya BD, ko da hannunsa bai gama faɗawa ba.

Ba abin yara ba ne?

Na yara da matasa su suka cika kasuwa, gaskiya ne. Amma Art Spiegelman ya zana labarin mahaifinsa, Bayahude ɗan Polan da ya tsira daga sansanin Auschwitz, a cikin Maus, inda ya mai da Yahudawa ɓeraye, Jamusawa kuma kyanwoyi, har aka ba shi kyautar Pulitzer a 1992. Marjane Satrapi ta zana ƙuruciyarta a Iran lokacin juyin juya halin 1979 a cikin Persepolis, wanda ya fara fita a 2000. Irin waɗannan dogayen labarai masu farko da ƙarshe a kanta ɗaya ake jera su da littattafan adabi.

Wanda na fi ba manya shawarar su fara da shi shi ne Aya de Yopougon na 2005. Marguerite Abouet 'yar Kodebuwa ce ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana. Rayuwar 'yan mata ce a wata unguwar Abijan a ƙarshen shekarun 1970: zance, cikin da ba a shirya ba, uban da ya ɓoye wata mace a wani gari, maƙwabta masu sa ido. Babu yaƙi, babu yunwa, Afirka ce kawai tana harkarta. Ya ci kyautar littafin farko a bikin BD na garin Angoulême da ke Faransa a 2006.

Wannan kuma yana nufin zane ba shaidar tsabta ba ne. Akwai BD da manga, wato irin na Japan, da ko kusa bai kamata yaro ya gani ba.

Me ya sa na Faransa, na Amurka da na Japan ba su yi kama da juna ba?

Kowanne kasuwarsa ce ta ƙera shi.

Na Faransa da Beljiyam a jaridu da mujallun yara ya taso. Tintin ya fara fita a 1929 a shafin yara na wata jaridar Beljiyam, Hergé ne mai shi. Astérix ya biyo a 1959 a mujallar Pilote, René Goscinny yana rubutawa, Albert Uderzo yana zanawa. Daga baya aka riƙa tattara labaran a babban littafi mai launi da bango mai kauri, galibi shafi 48. Mai zane yakan kwashe shekara guda a kan littafi ɗaya, kuma sunansa ne yake sayar da littafin. Babban bikinsu na garin Angoulême a 1974 aka fara shi.

Na Amurka 'yar siririyar mujalla ce mai shafi ashirin da 'yan kai, tana fita wata-wata. Superman ya zo a 1938, Batman a 1939, Spider-Man a 1962, Black Panther a 1966. Jarumin na kamfani ne, ko Marvel ko DC. Marubuci ya tafi, wani ya zo, jarumin yana nan ko furfura bai yi ba. Aikin ma a rarrabe yake: mai rubuta labari daban, mai fensir daban, mai bi da tawada daban, mai launi daban, mai sa haruffa daban. A yau babban kuɗin ma daga fina-finai da kayan wasa yake shigowa, ba daga mujallar ba.

Manga na Japan baƙi da fari ne, a takarda mai arha, cikin mujallu masu kauri da suke fita mako-mako ɗauke da labarai da yawa. Weekly Shonen Jump, wadda aka kafa a 1968, ta taɓa buga kofi sama da miliyan 6 a mako a tsakiyar shekarun 1990. A cikinta Dragon Ball ya fito a 1984, One Piece a 1997, Naruto a 1999. Masu karatu suna aika ƙuri'a kan labarin da ya fi burge su, wanda kuma ya daɗe yana zuwa na ƙarshe sai a datse shi. Shi ya sa kowane babi yake ƙarewa a daidai inda ba za ka iya ajiyewa ba. Mai zanen abincinsa yake karewa. Kusan shafi ashirin yake miƙawa kowane mako, da mataimaka masu zana masa gidaje da sararin sama, kuma da yawansu aikin ya taɓa lafiyarsu.

Akwai na huɗu da ya taso daga Koriya ta Kudu, wato webtoon, wanda don waya aka tsara shi: babu shafi, gidaje ne a jere kana jan su sama da yatsa. Shi ya fi shafar mu, don a nan waya ta fi shagon littattafai yawa nesa ba kusa ba.

Na sayi manga, sai na ga kamar an buga shi a juye. Kuskuren maɗaba'a ne?

A'a. Daga dama ake buɗe shi, daga dama kuma ake bin gidajen da da'irorin magana, sai dai rubutun Faransancin da ke ciki daga hagu yake. Duk wanda ya riƙe allo ya san wannan tafiyar, shafi biyu sun isa ido ya saba.

Babana yana yawan ambaton Zembla da Akim. Su wane ne?

Su ne mangan zamaninsu. 'Yan ƙananan littattafai ne na aljihu, baƙi da fari, akasari masu zanen Italiya ne suka yi su, ana buga su da Faransanci a Faransa, suna kwararowa ƙasashenmu tun daga shekarun 1960. Akwai Zembla, Akim, Blek le Roc da su Tex. Ana saye, ana musaya, ana haya, har bango ya fita. Tambayi duk wani dattijon da ya yi boko a Garwa ko Njamena a wancan lokaci, za ka ji labari. Akwai kuma mujallar Kouakou, wadda aka riƙa bugawa da tallafin gwamnatin Faransa don yaran Afirka daga 1966 zuwa 1998, jaruminta ɗan yaro ne baƙar fata.

Abin lura shi ne Zembla da Akim duk an zana su ne a matsayin fararen da suka zama sarakunan dajin Afirka, baƙaƙe kuma ko dai masu biyayya ko abin dariya. Haka ma Tintin au Congo na 1930 zuwa 1931, wanda har yau ake sukarsa kan yadda ya zana mutanen Kwango. Iyayenmu sun koyi Faransanci mai yawa daga waɗannan littattafai, sun kuma ga kansu a cikinsu a matsayin masu ɗaukar kaya.

Akwai masu wannan aiki a Kamaru da Cadi kuwa?

Akwai, kuma ba yau aka fara ba. Masu bin tarihin BD a Afirka sukan fara lissafi da Ibrahim Njoya na Fumban, mai zanen fadar Bamun, ɗan'uwan Sarki Njoya. Tun zamanin mulkin mallaka ya zana tatsuniya gida-gida, da rubutun Bamun da sarkin ya ƙirƙiro. Ga fada, ga musulmi, ga rubutun gida.

A shekarun 1970 Thomas Durand Kiti ya fito da ɗan sanda Sam Monfong. A 1993 Nyemb Popoli ya buɗe jaridar barkwanci ta Le Messager Popoli a Duwala, ya sha fama da hukuma saboda zanen manyan gwamnati. Christophe Ngalle Edimo marubuci ne da ya yi aiki da masu zane da dama. Joëlle Ebongue, wadda aka sani da Elyon's, ta fara sakin labarinta La vie d'Ébène Duta a intanet, masu karatu suka yi mata karo-karo ta buga shi. Akwai kuma bikin Mboa BD da aka fara a 2010, ana yin sa a Duwala da Yawunde. Kamfanin Zebra Comics na Duwala yana da manhajar karanta labaransa a waya. A Cadi akwai Adjim Danngar, haifaffen Sarh, wanda ya fara da zanen barkwanci a jaridun Njamena kafin ya koma Faransa. Littafinsa Djarabane, labarin wani yaro a Cadin shekarun 1980, kamfanin Delcourt na Paris ne ya buga shi a 2023.

Maƙwabtanmu na Najeriya suna da Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013, da bikin Lagos Comic Con tun 2012. A arewa kuma duk mai bin jaridar Daily Trust ya san zanen siyasa na Mustapha Bulama.

Ka sake duba sunayen garuruwan: Duwala, Yawunde, Legas, Paris. Babu Garwa, babu Marwa.

To me ya sa ba ma ganin BD da Hausa?

Wannan ce tambayar da ta fi cin raina, don amsar da aka saba bayarwa, wai Bahaushe ba ya karatu, ba gaskiya ba ce. Littattafan soyayya na kasuwar Kano tun shekarun 1980 suke nuna cewa in labari ya yi daɗi kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin aljihu ba, mata da maza za su saya. Fina-finan Kano ma ga su nan a kowace waya daga Ngaundare har Abeche.

Dalili na farko aiki ne. Marubuciyar labari za ta iya cika shafi goma a dare ɗaya, mai BD kuwa shafi ɗaya yakan cinye masa yini ko biyu. Na biyu ya shafe mu mutanen wannan ɓangare: da Faransanci muka yi makaranta, yaranmu da yawa suna jin Hausa sarai amma karanta ta da boko sai da ƙyar. A kasuwar Garwa Fulatanci ne yake tafiya, a Njamena Larabci. Wanda ya buga littafin Hausa don Garwa kaɗai zai kwana da kayansa.

Amma a nan ne BD ya fi kowane irin littafi dacewa da mu. Rubutunsa kaɗan ne, zane yana ɗaukar wanda karatunsa bai nuna ba. Sannan zane ɗaya yana iya cin harshe huɗu: ka bar da'irorin magana babu komai a ainihin zanen, ka cika su da Hausa don Mubi, Yola, Kano da Damagaram, da Fulatanci don gida, da Larabci don ƙetaren Kusiri, da Faransanci don kudu. Waya kuma ba ta tsayawa a shingen kwastan. Abu ɗaya za ka kiyaye: salon haruffa da yawa na manhajojin zane ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai su fito maka da ɗan akwati. Gwada kafin ka yi nisa, ko ka rubuta da hannu. In ka bar lanƙwasar, ƙasa ta zama kasa, mai karatun Kano zai yi maka dariya.

Labari kuwa ba mu rasa ba. Roye Okupe ɗan Najeriya ya ɗauki Sarauniya Amina ta Zazzau ya gina jarumarsa Malika a kanta, da Turanci, har kamfanin Dark Horse na Amurka ya ɗauki littattafansa. Mu kuma ga Rabe, wanda ya ci Borno ya zauna a Dikwa, aka kashe shi a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, ranar da shi ma kwamandan Faransa Lamy ya mutu, wanda aka sa wa birnin da ke tsallaken kogi sunansa har zuwa 1973. Ga ƙattin Sao na bakin Tafkin Cadi. Ga fataken goro da kanwa da suka kafa unguwannin Hausawa har Yawunde. Ga Gizo da Ƙoƙi. Amma yaro zai kawo mini zane, in duba in ga Naruto ne aka sa masa hula aka kira shi Nasiru. Koyi da manga ba laifi ba ne, kowa da kwaikwayo ya fara. Sai dai ina so in ga wanda zai zana mini layin masu suya na Yelwa da daddare, ko masu wanki a bakin Binuwai da dorina tana leƙe.

Malam, ai zanen abu mai rai haramun ne, ko?

Fatawa ta malamai ce, amma ga yadda maganar take a littattafai. Hadisan da suka yi kashedi ga masu yin sura suna cikin Bukhari da Muslim, babu mai musun su. Saɓanin yana kan irin surar da ake nufi. Mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muke bi, ta raba tsakanin sura mai inuwa, wato mutum-mutumi mai cikakkiyar halitta, wadda ta haramta, da zanen da yake shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda ba ta kai shi ga haramci ba, sai dai ta ce makaruhi ne ko barinsa ya fi. Malamai da yawa na sauran mazhabobi sun haramta duka biyun. Wasu kuma sun kafa hujja da 'yan tsanar da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, take wasa da su, suka sassauta kan abin da aka yi don yara da koyarwa.

A aikace, a cikinmu akwai masu zana fuska cikakkiya, akwai masu barin ta babu ido babu baki, su bar jiki da tufafi su yi magana. Na biyun yana yiwuwa, har yakan koya wa mutum zana motsi da kyau. Abin da babu wanda yake kusanta shi ne zana annabawa ko sahabbai. Ko abin da ya yi kusa da nan yana da haɗari: Naif Al-Mutawa ɗan Kuwait ya fito da jarumai The 99 a 2006, kowannensu da siffa daga ma'anonin sunayen Allah kyawawa, ya sha yabo a duniya, daga baya manyan malaman Saudiyya suka yi fatawar haramta shirin talabijin ɗinsu a 2014.

In zuciyarka ba ta kwanta ba, ɗauki zanenka ka kai wa malaminka ya gani da idonsa, ya fi ka kwatanta masa da baki.

Me ya sa suke da tsada haka? Ina zan karanta ba tare da na saya ba?

Da yuro aka sa musu kuɗi, yuro ɗaya kuma kusan sefa 656 ne. Littafin yuro 12 ya kai kusan jaka takwas tun bai bar Faransa ba, mangan yuro 7 kuma jaka huɗu da rabi da 'yan kai. Sai ya sauka Duwala, ya hau zuwa Ngaundare, ya bi mota zuwa Garwa ko Marwa, kowa a hanya da ribarsa. Labari kamar One Piece ya wuce littafi ɗari, yi lissafi.

A Garwa akwai ɗakin karatu na Alliance Franco-Camerounaise, a Njamena akwai na Institut français, kuma kada ka raina masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Kamfanin Shueisha mai One Piece yana da manhajar Manga Plus, inda ake karanta sababbin babi kyauta ta halal. Na san yawancin yara a shafukan sata suke karantawa. Ba zan yi wa'azi ba, amma littafin ɗan Kamaru ko ɗan Cadi dai, in ka samu, saye shi.

Ina da labari amma ban iya zane ba.

Goscinny ma ba shi yake zana Astérix ba. Nemi mai zane ku haɗa hannu. Ka rubuta masa shafi-shafi, gida-gida: wa ke ciki, me yake yi, daga nesa ake ganinsa ko daga kusa, me ya ce. Ka rage surutu; in magana ta wuce layi uku a da'ira ɗaya, ta rufe fuskar mai maganar. Kuma ku yi maganar rabon kuɗi da wanda ya mallaki me tun ranar farko, a rubuce, tun ana dariya.

Wane kaya nake bukata?

Takardar A4, fensir, abin goge fensir, rula da baƙin biro. Shi ke nan. Ka fara da 'yan ƙananan zane na gaggawa don tsara shafin, ka rubuta maganar ka kewaye ta da da'ira kafin ka zana mutane, in ba haka ba za ka gama zane mai kyau ka rasa inda magana za ta zauna. Sannan fensir, sannan tawada, ka jira ta bushe sarai kafin ka goge fensirin.

Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana da nasa sharri: gumin gefen hannu yana jan fensir ya dame shafin, takarda ta yi laushi ta kumbura. Sa wata takardar a ƙarƙashin hannunka, ka kuma fara bin tawada daga sama ta hagu in kai na-dama ne. Da hunturu kuwa bakin alƙalami yana bushewa nan da nan, rufe shi ko da ruwa za ka sha.

Mai son zana a waya yana da ibisPaint da MediBang, mai kwamfuta yana da Krita, duk ana samun su kyauta. Kada ka jira sai ka sayi allon zane na lantarki.

Yaya zan buga ɗan littafina da kaina?

Mai fotokofi ya ishe ka. Yawan shafuka dole ya rabu da huɗu, don kowace takardar A4 in an naɗe ta biyu shafi huɗu take bayarwa. Littafi mai shafi 16 takarda huɗu ke nan, gaba da baya. Inda mutane suke ruɗewa shi ne jerin: takardar waje tana ɗauke da shafi na 16 a hagu da na 1 a dama, bayanta kuma na 2 da na 15. Ta biyu 14 da 3, bayanta 4 da 13, haka har ciki. Kowane shafi biyu da suke maƙwabtaka in ka haɗa lambarsu 17 za su ba ka. In ba su ba da 17 ba, ka yi kuskure. Naɗe farar takarda huɗu ka rubuta lambobin, sannan ka warware ka gani, ya fi kowane bayani.

Ka bar rata a gefe don inji yana cin baki. Ka guji toka-toka na fensir, fotokofi baƙi da fari kawai ya sani, inuwa sai da layuka ko ɗige-ɗige. Bango ka yi shi da takarda mai ɗan kauri mai launi, a ɗinke tsakiya da zare ko a buga masa ƙarfe biyu. Fara da kofi kaɗan, in sun ƙare ka ƙara.

Ana cin abinci da wannan sana'a?

Da BD kaɗai, da wuya, ko a Turai. A Faransa abin da marubuci da mai zane suke samu yakan tsaya wajen kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin littafi, su biyu su raba, mai shago kuma ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku. Masu zanen can da kansu kullum suna kukan talauci. A wajenmu abin da yake biya shi ne aikin haya: ƙungiyoyin agaji masu son ɗan littafin wayar da kai kan kwalara, rigakafi ko karatun 'ya'ya mata, zanen littattafan makaranta, tallan 'yan kasuwa, zanen jarida. Mutum ya ci abinci da wannan, ya yi nasa labarin da daddare.

Inda za ka buɗe ido shi ne haƙƙin mallaka. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman kacokan a 1938 a kan dala 130 ta Amurka. Kamfani ya yi ta kwasar miliyoyi, su kuma suka tsufa cikin rashi, sai a 1975 aka yanka musu ɗan fansho aka mai da sunansu kan littafin. Irin wannan ne ya sa wasu manyan masu zanen Marvel suka fice a 1992 suka kafa Image Comics, inda mai aiki yake riƙe da abinsa.

A Kamaru dokar haƙƙin mallaka ta 19 ga Disamba 2000 tana kare aikinka tun daga lokacin da ka yi shi, a Cadi kuma akwai hukumar kare haƙƙin mallaka ta BUTDRA. Sunan jarumi ko tambari in kana so ka yi masa rajista, ofishin OAPI yana Yawunde, rajistarsa kuma tana aiki a ƙasashe 17, har da Cadi da Nijar, amma ban da Najeriya. In za ka yi wa wani aiki, takarda ta faɗi kofi nawa, na wane lokaci, a wace ƙasa, kuma jarumin na wane ne. Ka karɓi wani abu kafin ka fara. Ainihin zanen hannunka kuma kada ya bar gidanka, kofi ake bayarwa.

Ɗana ya daina taɓa littafin makaranta, kullum manga a waya. In ƙwace?

Hajiya, kafin ki ƙwace, zauna kusa da shi ya nuna miki abin da yake karantawa, ya ba ki labarin. Nan za ki gane ko na shekarunsa ne, don akwai masu zubar da jini da tsiraici da aka yi wa manya, kuma shafukan sata suna cike da tallan banza. In na yara ne, to ki sani karatu yake yi, Faransancinsa ma yana ƙaruwa. Matsalar wayar ce da rashin iyaka. Ki yanka masa lokaci bayan aikin makaranta da na allo, wayar kuma ta kwana a ɗakinki. In kin ga yana kwaikwayon zanen a bayan littafinsa na lissafi, saya masa nasa littafin zane daban, na lissafin ya huta.

Akwai makarantar koyo? Ina kuma zan kai aikina a gani?

Akwai cibiyoyin koyon fasahar zane na jami'a a Fumban da Nkongsamba, Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 ita ma tana da tata. Suna koyar da zane gaba ɗaya, tsara labari gida-gida kuwa akasari da karanta na wasu da yawan yi ake samunsa.

Wajen nunawa, fara da Facebook da WhatsApp: gida huɗu kowane mako, a rana ɗaya da mutane za su saba da ita, da sunanka a cikin zanen inda ba za a yanke shi ba. In ka samu hali ka je Mboa BD, ko ka tura wa kamfanonin Duwala da Legas. Abin da za su nema shi ne labari gamamme, ko da shafi takwas ne. Fuskar jarumi guda da ka kwashe mako kana gyarawa ba ta nuna musu ko za ka iya zana mutum ɗaya sau arba'in a gane shi ne, yana zaune, yana gudu, yana ba da baya.